Ranar Da Inna Hajo Ta Faɗi Sunan Mijinta

'Yan'uwa, ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu mai cetonmu. Ga baƙin da ba su san ni ba, ni ce Saratu, mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a kasuwar Ƙaura. A nan aka haife ni. Aikin jirgin ƙasa ne ya kawo babanmu, jirgi ya daina zuwa, mu kuma muka zauna.

Tun ina yarinya nake fama da ciwon fuka. Wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba. Iska ga ta ko'ina kyauta, amma kai sai ka roƙe ta. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe babu wanda ba a ɗura mini ba, daga baya na koma ga abin shaƙa na asibiti, kullum yana cikin jakata.

Man da nake sayarwa ba ni nake matsa shi ba. Wata tsohuwa ce, Inna Hajo, a wani ƙauye gaba da Banga. Musulma ce, mun daɗe tare, ta ɗauke ni kamar 'yar cikinta. Ɗan kabu-kabu yakan ajiye ni a ƙofar gidanta da hantsi, ya dawo ya ɗauke ni bayan la'asar.

Inna irin matan da ce, ba ta faɗin sunan mijinta. Malam ya fita, Malam ya dawo, shi ke nan. Ni ma da Malam na san shi. Nakan tsokane ta in ce, "Inna, ranar da ya ɓace a kasuwar Shinkafi, wa za ki ce a yi cigiya?" Sai ta ɗaga mini muciya ta ce, "Ke Saratu ba ki da ta ido! Bakin nan nau ba shi hwaɗin wanga suna. In ya ɓace ya san hanyar gida."

To, ranar da abin ya faru damina ce, ana tsakiyar noma. Maza duk suna gona, matan 'ya'yanta sun tafi kai abinci, gida daga ni sai ita. Tana suyar ƙuli da jiƙaƙƙen itace, hayaƙi ya cika tsakar gida, sai kuma wani barkono da aka shanya a kan katanga ya zubo cikin wutar. Shaƙa ɗaya na yi ƙirjina ya kulle.

Na lalubo abin shaƙa, na girgiza, na danna. Wayam! Ashe ya ƙare ban sani ba.

'Yata ta taɓa koya mini lambar gaggawa, ta ce ko babu kati tana shiga. Na danna. Wata yarinya ta ɗauka, ta tambayi abin da ya faru da inda nake. Na buɗe baki, sai fito kawai yake fita. Na sa wayar a sifika na miƙa wa Inna.

Inna ta ce, "Ɗiyata, ku zo maza! Hwuka ta, numhwashinta na shirin tsayawa!"

Yarinyar ta ce, "Mama, ki natsu. Na'urarmu ta nuna mana eriyar da wayarku ta kama, ta wajen Banga ce. Amma eriya ɗaya ƙauyuka da yawa take ɗauka, ba ta nuna gida. Babbar waya ce in turo saƙo ku danna, in ga daidai inda kuke?"

Ina fa! Wayata ƙarama ce, irin wadda yara suka raɗa wa wani suna da ba zan faɗa a ɗakin sujada ba.

Sai yarinyar ta haɗa layin da direban motar asibiti a nan Ƙaura, mutumin yankin ne. Ya ce, "Inna, wane layi? Wace lamba?" Sai kuma ya yi wa kansa gyara, don ya san babu layi babu lamba a can. Inna ta faɗi sunan ƙauyen, ya ce gidajen can a warwatse suke cikin gonaki. Ya ce, "Gidan wa na?"

Inna ta ce, "Gidan Malam na."

"Wane Malam? Inna, ko'ina Malam na."

"Gidan da ka da iccen dogon yaro ƙohwa."

"Inna, dut gidajen da dogon yaro. Sunan maigidan nika so. Da suna muka gane gida."

Na ga Inna ta dubi ƙofa, ta dubi katanga, tana neman wanda zai faɗa a madadinta. Babu kowa. Ta faɗi sunanta, ya ce bai san sunayen mata ba. Ta ce, "To, mai sunan annabin nan da kihi ya haɗe." Ya ce, "Inusa ke nan. Inna, Inusa sun yi yawa wajen ga. Wane cikinsu? Da mi aka kiranai?"

Inna ta sauke wayar daga bakinta, ta sunkuyar da kai.

'Yan'uwa, a lokacin ina kwance a gefen turmi, idona ya fara ganin duhu da rana tsaka. Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Ni da zan faɗa ban san sunan ba, kuma ba ni da murya. Ita da ta sani, kunyar da aka raine ta da ita ta riƙe mata harshe. Mota kuma tana tsaye a Ƙaura da iskar da nake bukata a cikinta.

Sai na yi addu'a a zuci, don baki ya ƙi. Na ce, "Yesu, kai ba ka bukatar kwatance. Wanda ke cikin kifi ma ka san inda yake. Ka san gidan nan, ka san turmin nan. Ka buɗe bakin Inna."

Ban ƙara ko kalma ba. Inna ta durƙusa ta dubi fuskata, ta ga leɓena ya sauya launi. Ta ja gefen zane ta rufe fuskarta, ta kai wayar baki, ta ɗaga murya ta ce, "Inusa Ƙahwar Agwagwa! Gidan Inusa Ƙahwar Agwagwa na! Ku zo, kar ɗiyar mutane ta mutu hannuna!"

Haleluya! Ashe laƙabin da abokan wasa suka liƙa masa ke nan tun yana saurayi, saboda irin tafiyarsa. Ba sunan kaɗai ta faɗa ba, har da na tsokana.

Direba ya ce, "Au, shi na? Ga mu nan tahe!"

Inna ta janye ni daga hayaƙi, ta zaunar da ni ta jingina ni a ƙirjinta kamar yadda yarinyar waya ta ce, tana yi mini fifita da faifai. Tana nata addu'o'in, ina nawa a zuci. Yarinyar kuma ba ta kashe waya ba, tana ta cewa, "Mama, suna hanya."

Motar ba ta iya tsallake rafin bayan gari ba saboda laka. Da ƙafa ma'aikacin jinya da direba suka ƙaraso, ɗauke da tukunyar iska. Duk manomin da suka tambaya gidan Ƙafar Agwagwa, sai ya nuna da fartanya. Suka ɗora mini abin numfashi a hanci, aka ɗauke ni zuwa mota. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da wani labarin ake yi.

Ina kwance a asibiti sai ga Malam Inusa ya zo dubiya da ƙwaryar fura. Na saci kallon tafiyarsa, na ce a raina abokan wasa ba su yi ƙarya ba, Allah ya gafarta mini. Labari ya riga ya zagaye ƙauyen. Ya zauna ya ce, "Saratu, sannu da jiki. Ni hwa tun da munka yi aure ban san ta san sunana ba, sai ta dalilinki."

Da na warke na koma gidan, Inna ta ƙi haɗa ido da ni. Na ce, "Inna, ki sake faɗa in ji da kunnen lafiya." Ta ɗauko muciya. Sai kuma ta ajiye, ta ce, "Sau guda na hwaɗa, kuma don ke na hwaɗa. Da ki mutu gara in ji kunya." Na rungume ta na yi kuka sosai.

Na gode wa Ubangiji da ya ji addu'ar da ko sauti ba ta da shi. Na gode masa don yarinyar waya, da direba, da Inna Hajo. Yanzu duk gidan da na shiga sai na tambayi sunan maigidan har da laƙabinsa, ku ma ku riƙa yi. Amma ku dogara ga Yesu, 'yan'uwa. Na'ura ta san eriya, shi ya san inda nake kwance, ya kuma san bakin da zai buɗe. Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin!