Jakar Fata a Wuyan Hannatu

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Ku yi haƙuri da muryata, ba ta saba rawa a gaban jama'a ba.

Ni tsohuwar malamar makaranta ce, 'yan mishan ne suka horar da ni. Ɗana da matarsa suna aiki a Kaduna, suka bar mini jikoki biyu, Ishaya da ƙanwarsa Hannatu. Dukansu da asma suka taso.

A makarantarsu, can wajen Gazara, ba a barin yaro da magani a aljihu, domin gudun shaye-shaye. Wanda yake da maganin shaƙa sai ya miƙa shi a ofis, a kulle a kabad.

Lokacin mazarƙwaila ne. Masu dafa ruwan rake suka hura wuta bayan katangar makaranta, iska ta juyo da hayaƙin cikin aji. Numfashin Ishaya ya sarƙe. Yara suka ruga ofis, suka tarar da kwaɗo, mai riƙe da makulli an kira shi taro a Makarfi. Kafin a ɓalle ƙofa, yaron ya cika. Maganinsa yana nan cikin kabad, ko rabi bai sha ba.

Ban yi kuka ba a wurin biso. Na dawo gida na cire Hannatu daga makaranta. Na daina zuwa zumuntar mata. Kowace safiya ina durƙusawa bisa ga sabo, amma ba na ce wa Allah kome. Abinci ya fita raina, yarinya kuma tana zaune a zaure tana kallon sa'o'inta suna wucewa makaranta da jakunkuna.

Wata rana ta ce, "Kaka, ni da ke duk mun yi ritaya ke nan?"

Na ce mata ta gyara ɗaurin kallabinta.

Bayan girbi, sai ga hedimasta, Malam Lawal, ya yi sallama. Ya tuɓe takalma, ya durƙusa, muka gaisa, ya sake yi mini ta'aziyya. Ya ce, "Mama, mun sake tsari. Duk yaron da likita ya rubuta wa magani, shi zai riƙe abinsa." Sai ya zaro wata 'yar jakar jar fata mai igiya, wadda ya sa baduku ya ɗinka daidai girman maganin, domin a rataya a wuya.

Irin wannan jar fata ce ke wuyan mahaifina, har ranar da ya karɓi baftisma aka ƙone layunsa a gabana.

Na ce, "Malam, jikata ba za ta rataya laya ba."

Ya ce, "Mama, wallahi babu rubutu a ciki. Aljihun 'yan mata ne ba ya riƙe kome, shi ya sa." Ya ajiye ta a kan tabarma, ya tafi.

Da yamma na ɗauke ta domin in jefa a murhu, sai na ga kaina a durƙushe. Na ce, "Ya Uba, ka karɓi ɗaya. Ɗayar kuma ga ta nan ina tsare da ita, ta rame, ni ma na gaji. Ka nuna mini." A nan kukan da na riƙe ya ƙwace mini. Ina juya jakar a hannu, yatsana ya taɓa maɓalli, ta buɗe. Layun mahaifina a ɗinke suke ruf, ba a yarda kowa ya ga cikinsu ba. Wannan kuwa domin a buɗe ta aka yi ta.

Na kai Hannatu asibiti, nas ta koya mata: ta girgiza maganin, ta fitar da numfashi, ta danna tana shaƙa a hankali, ta riƙe. A gida na yi ta maimaita mata har ta ce, "Kaka, ko nas ɗin ba ta kai ki tsanani ba." Sannan na rataya mata jakar da hannuna, na raka ta har ƙofar aji.

Da aka sake hura wutar rake bana, abin ya taso mata ana tsakiyar darasi. Ta buɗe jakarta, ta yi yadda aka koya mata, malaminta ya fitar da ita inuwa, numfashi ya daidaita. Da ƙafarta ta dawo gida, ta tambaye ni ko akwai sauran tuwo.

Ishaya bai dawo ba, kuma ba zan tsaya a nan in ce ciwon ya warke sarai ba. Amma Ubangiji ya kwance mini baki, ina magana da shi kuma. Na gode masa.

Na ji ana raɗa a kan igiyar da ke wuyan yarinyar nan. Ga ta can cikin 'yan kwaya masu waƙa, in an tashi sujada ku ce ta buɗe muku. Ku iyaye masu yara irin nawa, ku dogara ga Allah, gobe Litinin kuma ku je makaranta ku tambaya a hannun wa maganin yake. Amin.