Baffan da ya hana mu awon gona

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Sani, daga wani ƙauye na Safo.

Bara masu awon gonaki suka zo da na'urarsu mai saka kowace gona cikin taswira. Baffa Idi, ƙanen mahaifina marigayi, ya tsaya ƙofar masallaci yana cewa, "Kada ku yarda! Dabarar ƙwace ƙasa ce." Muka bi maganarsa, tunda babba ne.

Da damina ta faɗi, sai na tarar ya shuka gero har cikin gonarmu. Na kai ƙara meri, wato ofishin magajin gari. Ma'aikacin ya buɗe ordinatar, wato kwamfuta, ya nuna mini taswira. Ashe Baffa ya kai masu awon da kansa ranar da muka tafi kasuwa, ya nuna musu iyakar da ransa ke so. Gonarsa ga ta da sunansa, tamu ko alamarta babu.

Na ce, "Baffa, ba kai ka hana mu ba?" Ya ce, "Na ɗaure maka ƙafa ne?"

Tir da irin wannan girma! Furfura har gemu, amma gonar marayu yake ci. Masu sauraro, ku ba ni shawara: ta yaya ake sa a sake awo?