Yawun Maɗinki

Littattafaina na sayar a Ƙofar Doka, nan Zariya, na yi kuɗin motar zuwa Ikko, biyu kawai na ɓoye a ƙasan jaka. Ummi, ajiye wayar nan, ke kika ce in ba ku labari.

Aikin shara na samu a wani asibiti, sashen da ake gasa ciwon daji da haske. Su can "rediyotarafi" suke cewa, sai da na yi wata guda harshena yana tuntuɓe a kai. Mai gidan da na kama haya, wata Iya, kullum faɗanmu ɗaya: wai karatuna na cinye mata wuta. Na ce Iya, ƙwan fitila ɗaya ne fa. Ta ce ai idona biyu.

Da likita ya gane ina karanta takardun bango, sai ya riƙa kirana tafinta idan mutanenmu sun zo. A nan na fahimci injin gashin biyu ne. Tsohon yana watsa haske ta gefe da gefe, ya sami ciwon, ya haɗa da wuraren da ke kawo yawu a gindin kunne. Mutum ya warke, amma bakinsa ya bushe kamar ƙanzo, ko tuwo sai da ruwa. Sabon kuwa sai an ɗauki hoto, an gasa wata raga an manna ta a fuska, an yi lissafi, hasken ya bi siffar ciwon ya rage taɓa wuraren yawun. Amma akwai layi.

Rannan aka kawo wani maɗinkin manyan riguna daga Gyallesu, ciwon a bayan hancinsa. Yana zaman jira yana aikin allura, ina shara ina satar kallo. Duk zaren da zai zura sai ya lasa shi tukuna.

Likita ya bayyana masa duka biyun, ya ce tsohon jibi za a fara, sabon sai bayan mako biyu, kuma a matakin ciwonsa jiran ba zai cutar ba. Na fassara. Kun san kara irin tamu ta cikin birni. Maɗinkin ya sunkuyar da kai ya ce duk wanda ya fi wa likita sauƙi. Na faɗa da Turanci, likita ya ja takardar tsohon injin zai rubuta.

Ban san sanda bakina ya buɗe ba. "Likita, bai zaɓa ba. Mu haka muke girmama mutum. Ka sake tambayarsa."

Shugabar masu jinya ta harare ni, ta ce tsintsiya aka ɗauke ni riƙewa, ba shawara ba. Na ce haka ne, Madam, amma ban janye ba. Na juya na ce wa maɗinkin, "Malam, idan yawunka ya ƙafe, da me za ka lasa zare?"

Ya zare allurar da ke maƙale a hularsa ya dube ta. "To, zan jira," in ji shi.

Mako bakwai ana gashin. Ya rame, wuyansa ya yi duhu, abinci ya daina yi masa ɗanɗano. Ko yaushe aka tambaye shi jiki sai ya ce alhamdu lillahi, ni kuma in ƙara wa likita gaskiyar da ya haɗiye. Littafina ɗaya na ba shi aro, bai dawo da shi ba.

Bayan shekara biyu na dawo Zariya da akwati ɗaya da keken ɗinki na hannu. Ba wani arziki, amma raina fari. Sati bai cika ba aka yi sallama da ni a zaure, wai an kawo littafi. Ashe maɗinkin ne, ya yi wa littafin riga da aikin allura.

Yawun bai dawo duka ba, har yau da gorar ruwa yake yawo. Sunansa? Ummi, ba ki da kunya, mace na faɗin sunan mijinta ne? Leƙa zaure ki kai masa shayi, za ki same shi yana lasar zare.