Sirrin Ɗalibai a Takardar Ƙosai

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ce Hajiya Rabi mai atamfa, daga kasuwar Tudun Wada, Zariya.

Don Allah a miƙa jinjinata ga masanin da kuka gayyato cikin shirinku makon jiya. Allah ya ƙara basira! Cikin rabin awa ya firgita iyayen yara a makarantar 'yata Ummi, har an kira taro ranar Asabar don a cire na'urar da ɗalibai ke dangwala wa yatsa a bakin ƙofa. Wai za a kwashe bayanan 'ya'yanmu a sayar wa Turawa.

To, Malam, a da in Ummi ta hau keke napep da safe, wuni nake a shago gabana na faɗuwa. Yanzu tana dangwalawa saƙo zai shigo wayata cewa ta isa. Ranar da bai shigo ba na bi sawu, na tarar keken ya lalace wajen Tudun Jukun, yara cirko-cirko a bakin titi.

Batun sirri kuwa, shekaranjiya na sayi ƙosai, aka ƙunshe min a takardar sakamakon ɗan maƙwabcina. Ga sunansa, ga ajinsa, har da sifilin da ya ci a lissafi.

Ni dai ranar Asabar ko sama da ƙasa za su haɗe, ba zan yarda a taɓa na'urar nan ba. Ku tambayar min masanin naku: mai ƙosan nan, ita ma Baturiya ce?