Ƙahon Ɗahiru a Bayan Jethro

CELINA: Alo? Mama? Ina wuni, Mama.

MAMA DAMARIS: Wa ke magana?

CELINA: Ni ce, Mama. Celina.

MAMA DAMARIS: Wace Celina? Celina sun yi yawa a wayar nan.

CELINA: Surukarki, matar Jethro. Daga Kamazou.

MAMA DAMARIS: To me ya sami muryarki kike magana kamar daga cikin tulu? Lafiya lau. Ya gida?

CELINA: Lafiya, Mama. Ya Trikania? Ya kasuwa?

MAMA DAMARIS: Kasuwa sai godiya. Kowa ya taɓa acca ya tambayi kuɗi ya wuce.

CELINA: Ya ƙafar?

MAMA DAMARIS: Tana nan inda take. Ya Hope? Ta koma makaranta?

CELINA: Ta koma. An yi ruwa a wajenku?

MAMA DAMARIS: An yi, ya yi gyara. Ya mai jiki?

CELINA: Da sauƙi… mun gode Allah. Ya ƙafar, Mama?

MAMA DAMARIS: Celina, ƙafata ba ta canza ba tun ɗazu da kika tambaya. Mene ne?

CELINA: Ba komai. Tambaya ce kawai. Wata maƙwabciyarmu ce, mijinta ya yanke, jinin ya ƙi tsayawa. Shi ne na ce bari in tambaye ki abin da ake sawa.

MAMA DAMARIS: Da me ya yanke?

CELINA: Da aska.

MAMA DAMARIS: A ina?

CELINA: A baya.

MAMA DAMARIS: A ina? Layin nan yana yankewa.

CELINA: A baya, Mama. Gadon baya.

MAMA DAMARIS: Wane irin mutum ne yake yanke kansa da aska a gadon baya? Hannunsa a juye yake? Ke, ki dube ni da kyau ko ba kya ganina. Ɗana ne?

CELINA: Mama, ya ce in na gaya miki…

MAMA DAMARIS: Ɗana ne?

CELINA: Shi ne. Wayyo Yesu, Mama, shi ne. Daga bayan ɗaki nake kiranki, bai sani ba.

MAMA DAMARIS: Daina kukan nan, ba na jin magana cikin kuka. Wa ya yanke shi?

CELINA: Ƙaho aka yi masa. Na tafi zumuntar mata a coci, ashe jira yake in fita. Ya kira Ɗahiru, wanzamin nan da yake masa aski tun suna masaƙa a Kakuri. Na dawo na tarar da shi kwance a tabarma, rub da ciki, tawul biyu sun jiƙe jawur, na ukun ma…

MAMA DAMARIS: Ƙaho! Mutumin da aka sa wa ƙarfe a jijiyar zuciya, yana shan maganin tsinka jini, shi ne aka tsattsaga wa baya? Ke kina ina hankalinsa ya kai can?

CELINA: Mama, ba ki ga jikinsa ba ne. Tun da ya fara magungunan nan, ko ƙofa ya goga sai wurin ya yi baƙi. Cinya, hannu, haƙarƙari, duk jini ya kwanta. In ya goge baki, kumfar ja take fitowa. Ran Lahadi ya sa riga mai gajeren hannu, wata a coci ta ja ni gefe tana tambaya ko faɗa muke yi a gida. Ni, Mama! Wai ni nake dukan Baban Hope!

MAMA DAMARIS: Bar ni da matan cocinku. Sai aka yi yaya?

CELINA: Sai ya ce mataccen jini ne ya taru masa, maganin ne yake kashe masa jini, in ba a zuƙe shi ba zai koma zuciya. Na ce mu kira asibiti mu tambaya, ya ce kullum asibiti, asibiti.

MAMA DAMARIS: Ya sha maganin yau?

CELINA: Ya sha da safe, ni na ba shi, duka biyun. Da na sani da ban ba shi ba. Ga su nan a hannuna, masai zan zuba su yanzu.

MAMA DAMARIS: Ki zuba, ni kuma in zo in zuba ki a bayansu! Kin manta ranar da aka sallame shi? Ke kina ta haɗa kwanuka, ni na tsare likitan nan a bakin ƙofa na ce ya bar Turanci ya faɗa min da Hausa. Ya ce maganin ne yake hana jini daskarewa a kan ƙarfen. Ranar da ya daina da kansa, ƙarfen zai iya toshewa, ko sallama ba za a yi ba.

CELINA: To Mama, in ya sha, jini ya zuba. In bai sha ba, zuciya ta toshe. Ina za mu bi?

MAMA DAMARIS: Ban sani ba. Kin ji? Ban sani ba, ke ma ba ki sani ba, shi ya sa ba mu za mu yanke ba. Ki sa su a jaka, da kwalayensu. Wanzamin yana nan ko ya gudu?

CELINA: Yana nan.

MAMA DAMARIS: Kai masa wayar.

CELINA: Mama, Baban Hope zai san na…

MAMA DAMARIS: Ya sani mana! Da ya mutu yana shiri da ke, gara ya rayu yana fushi. Kai masa!

ƊAHIRU: Salamu alaikum. Mama, ina wuni, ya…

MAMA DAMARIS: Riƙe gaisuwarka, Malam Ɗahiru. Ƙaho nawa ka kafa?

ƊAHIRU: Shida ne, Mama. Wallahi tallahi duk farkon damina nake masa, bai taɓa yin haka ba. Tsagar ma sama-sama na yi. Bai gaya min yana shan wani abu ba, ce min ya yi an yi masa aiki ya warke. Da na cire ƙahon farko na ga jinin ba irin wanda na sani ba ne, tsararo yake kamar ruwan zoɓo, ba ya kama jikinsa ko kaɗan.

MAMA DAMARIS: Kuma ka ci gaba?

ƊAHIRU: Na riga na tsaga sauran, Mama.

MAMA DAMARIS: Me ka sa a kai?

ƊAHIRU: Garin maganinmu na sa, jinin ya wanke shi. Na ƙara, ya wanke. Yanzu toka nake cewa a tankaɗo min.

MAMA DAMARIS: Kar toka ta taɓa min ɗa. Ba toka, ba gishiri, ba kananzir. Tawul mai tsabta, ka danne da tafin hannu da ƙarfinka. Kana ɗagawa kana leƙawa?

ƊAHIRU: Ai dole in duba ko ya tsaya.

MAMA DAMARIS: Kowace leƙawa sabon buɗewa ce. Kar ka sake ɗagawa. In ya jiƙe ɗora wani a kai. Ka danna kamar kana danne akuya za a ɗaure.

ƊAHIRU: Na danna. Innalillahi… Mama, don girman Allah, ni ina da iyali. In aka je asibiti aka kira 'yan sanda…

MAMA DAMARIS: Wa yake da lokacin 'yan sanda? Shi ya kira ka, da bakinsa. Amma za ka shiga motar nan da su, hannunka a bayansa har gaban likita, kai za ka faɗa masa zurfin askarka da garin da ka barbaɗa. In ka zame a hanya, a nan ne za ka san ni.

ƊAHIRU: Ba zan zame ba. Abokina ne, Mama.

MAMA DAMARIS: To sa masa wayar a kunne. Celina ta riƙe, kai kar ka saki.

JETHRO: Mama.

MAMA DAMARIS: Dattijon coci. Sannu da aiki.

JETHRO: Mama, ba wani abu ba ne. Celina ce take da ɗaga hankali. Yanzu zai tsaya.

MAMA DAMARIS: Muryarka ba ta ce haka ba. Kana jin jiri?

JETHRO: Kaɗan.

MAMA DAMARIS: Ƙirji fa?

JETHRO: Ƙirji lafiya. Bugawa kawai yake da sauri.

MAMA DAMARIS: Jirin yau ya fara?

JETHRO: Ya ɗan kwana biyu. In na miƙe tsaye ne kawai.

MAMA DAMARIS: Tun kafin ƙahon ke nan. Jethro, in ka zaga, yaya kake gani?

JETHRO: Haba Mama, a gaban mutane?

MAMA DAMARIS: Ni na wanke maka shi shekaru, ban ji kunya ba. Wane launi?

JETHRO: Baƙi.

MAMA DAMARIS: Baƙi yaya?

JETHRO: Kamar kwalta. Da wari. Shi ya sa na ce mataccen jinin ne yake neman hanya, gara a taimaka masa ta baya.

CELINA: Yesu! Ba ka gaya min ba! Baban Hope, ba ka gaya min ba!

MAMA DAMARIS: Celina, rufe min baki, kunnena ɗaya ne mai aiki. Jethro, saurare ni. Likitan ya lissafa min abubuwan da in an gani ba a kwana da su a gida, wannan ne na farko. Ya ce jini ne yake zuba a ciki. Kana zubarwa ta ciki, ka kira a buɗe maka ta waje. Ka sha wani abu bayan nasu?

JETHRO: Na ciwon jiki kawai. Haɗin nan na kemis, da bayan ya dame ni.

MAMA DAMARIS: Wanda aka ce ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa? Ubangiji, ka ba ni haƙuri da yaron nan. Celina, har ledar haɗin ki sa a jaka, su gani da idonsu. Wa yake da mota kusa da ku?

CELINA: Sylvanus, na gidan gaba. Na ga motarsa a waje.

MAMA DAMARIS: Bar wayar a kunnensa ki ruga. Ko wanka yake ya fito da kumfa.

JETHRO: Mama, ba za ni ba.

MAMA DAMARIS: Me ka ce? Layi ne ko kai ne?

JETHRO: Ba zan koma can ba. A bari zuwa safe. In na daina shan maganin jinin zai kama kansa.

MAMA DAMARIS: Kunyar likita kake ji, zai ga zanen ƙaho a bayan mai karatu?

JETHRO: Ba kunya ba ce.

MAMA DAMARIS: To mene ne?

JETHRO: Idona biyu suka yi min aikin nan, Mama. Ina kwance ina jin siririyar robar da suka zura min tana tafiya daga hannuna har ƙirji, ina kallon zuciyata a talabijin ɗinsu. Wanda muka kwana ɗaki ɗaya da shi, an shiga da shi bayana, gadonsa kawai aka dawo da shi. Ban gaya wa kowa ba. In na rufe ido fitilar ɗakin aikin nan nake gani. In na koma, ba zan fito ba.

MAMA DAMARIS: Jethro.

JETHRO: Na'am.

MAMA DAMARIS: Ni ma tsoro nake ji. Ka ji na faɗa, kuma ba ka taɓa ji daga bakina ba. Ga ni tsaye a rumfa, zanina yana kwancewa, na kasa ɗaurawa. Ban san abin da za su yi maka can ba. Ko su canza maganin, ko su ƙara maka jini, ko su riƙe ka. Amma tabarmar nan na san abin da za ta yi maka kafin safe. Na binne ubanka, ba zan tsaya a kan raminka ina gaisa da mutane ba. Za ka tashi.

JETHRO: Ƙafafuna sun yi sanyi.

MAMA DAMARIS: Kar ka tashi da kanka, ɗaukar ka za su yi. Malam Ɗahiru, kana ji na?

ƊAHIRU: Ina ji, Mama. Kamar ya ɗan rage a hannun dama.

MAMA DAMARIS: Ka leƙa ne?

ƊAHIRU: A'a wallahi, tawul ɗin ne bai jiƙe da sauri ba. Amma zufa yake yi, leɓensa ya yi fari.

MAMA DAMARIS: A kwance za ku sa shi a kujerar baya. Amina! Amina maƙwabciya, bar rumfarki ki zo ki rufe min buhunan nan, ki ja ƙofar rumfa, ɗana ne. Kar ki tambaye ni, rufe kawai!

CELINA: Mama, ga Sylvanus, ya tayar da mota. Yana tambaya ko kilinik ɗin nan na bakin titi za mu fara…

MAMA DAMARIS: Ba kilinik! Babban asibiti, inda suke da jini da likitan zuciya. Kuna shiga, kafin su tambayi sunansa, ki ɗaga jakar ki ce yana shan maganin tsinka jini, akwai ƙarfe a zuciyarsa, bayan gidansa baƙi. In cunkoso ya tsare ku a Sabo, Sylvanus ya kwanta a kan hon. Ni zan tari keke, mu haɗu can.

CELINA: To, Mama. Sylvanus, kama ƙafafun. A hankali! Malam, kar ka saki! Baban Hope, buɗe ido. Buɗe ido mana! Mama, yana lumshewa!

MAMA DAMARIS: Mayar masa da wayar kunne. Jethro! Jethro, amsa min!

JETHRO: Ina ji, Mama.

MAMA DAMARIS: Kar ka yi barci. Yi min magana. Me kake gani?

JETHRO: Sama. Hadari ya haɗo ta wajenku. Ki ɗauki lema.

MAMA DAMARIS: Ji shi, ni yake wa faɗan lema. Ci gaba, ina ji. Mai keke! Tsaya! Tsaya, ɗan nan! Jethro, sun sa ka a motar?

CELINA: Mun shiga, Mama. Wayar tana min ƙara, katin ya kusa…

MAMA DAMARIS: Bar ta a kunnensa har ta mutu. Jethro, ga ni na hau keke, ina bayanka. Ka ji? Ina bayanka. Ce min ka ji.

JETHRO: Na j…

MAMA DAMARIS: Jethro? Alo? Celina! Alo!