Akwatin Rauda

Ina zaune a tashar motar Maiduguri, nan Gombe, wata dattijuwa ta tare wani saurayi da akwati a ka.

"Ɗana, waccan da ta tafi sayen ruwa ba ƙanwarka ba ce? Ita ya kamata ta ɗaukar maka kaya."

"Nata ne, Inna. Rauda za ta jami'a, karatun likita."

"Kai fa?"

"Baba ba zai iya ɗaukar nauyin mu biyu ba. Ya ce ni ne namiji, ni zan tafi. Ita kuwa ta fi ni kai. Sai na ce masa na faɗi jarrabawa."

"To, ka faɗi ɗin?"

Ya waiga wajen mai ruwa.

"Inna, rage murya. Ga ta nan tafe."