Shatin Igiya a Kumatuna

Ina gaishe ku, iyayena mata da 'yan'uwana, cikin sunan Yesu mai ceto. Ni ce Rifkatu, maman Dauda, daga Samaru. 

Tun bayan haihuwar Dauda minsharina ya yi yawa. Maigidana ya ce wani lokaci numfashina kan tsaya cak, sai ya girgiza ni. Da rana kuwa ko a tsaye nake sai gyangyaɗi. A asibiti aka ce maƙogwarona ne ke toshewa in na yi barci. Aka haɗa ni da injin hura iska, mai takunkumi da igiya har bayan kai. Maigida mai gyaran wuta ne, ya haɗa masa batir. Na fara samun barci.

To amma igiyar takan bar shati a kumatuna. Ran nan a kasuwar Sabon Gari mai tumatir ta leƙa fuskata ta ce, "Amarya, oga ne ya yi aiki haka?" Matan wurin suka kwashe da dariya. Kamar ƙasa ta tsage in shige! Ban iya cewa da takunkumi nake kwana ba.

Sai na riƙa sassauta igiyar in maigida ya yi barci. Shati ya ɓace. Amma wayyo! Nakan farka zuciyata na bugawa kamar za ta ɓalle, zufa sharkaf. Na ce wa maigida injin ne zai kashe ni. Gyangyaɗi ya dawo. Wata safiya ina shayar da Dauda kusa da murhu barci ya sace ni, yaron ya zame daga cinyata. Zanina ne ya tare shi, ga garwashi ja wur a gefe.

Ashe maganar kasuwa ta iso coci. Mama Saratu, shugabar zumuntarmu, ta zo gidanmu ba murmushi. Ta dubi maigidana ta ce, "Yakubu, 'yar mutane kake duka?" Idon bawan Allahn nan ya cika da hawaye. Mutumin da ko tsawa bai taɓa yi mini ba!

Na jawo injin daga ƙarƙashin gado, na faɗi gaskiya duka. Mama ta juya takunkumin a hannunta ta ce, "Ke yarinya, wannan kike ɓoyo? Ni haƙoran roba ne a bakina, ban fasa waƙa ba." Ta roƙi gafarar maigidana, muka durƙusa. Abin da na iya faɗa kawai shi ne, "Yesu, ka cire mini tsoron bakin mutane." Nan take ƙirjina ya yi sanyi.

Da muka koma asibiti, nas ta ce in na sassauta igiyar, iskar zurarewa take yi ta gefe, numfashi ya tsaya, zuciya ta shiga gudu. Ta gyara mini igiyar daidai. Tun daga nan bugun bai dawo ba. Haleluya!

Baban Dauda, ka yafe mini a gaban jama'a, don a gabansu sunanka ya ɓaci.

Na gode wa Ubangiji da ya tsare mini ɗana. 'Yar'uwa, in akwai ciwon da kike rufewa, ki kai wa Yesu, ki bi maganar likita. Ki dogara gare shi, ba zai yashe ki ba. Amin.